Filin Tambaya da Amsa: Ta Wace Ƙofa Labari Ke Shiga Gari?

Wasiƙun wannan fitowa daga ƙauyukan Kano da Jigawa suka zo, kuma igiya ɗaya ta ɗaure su: wa ya san wa, wa ke jin maganar wa. Masana suna da fanni guda a kan wannan, a nan za mu kira shi ilimin ragar hulɗa. Ba netwok ɗin waya muke nufi ba. Ku dubi ragar masunta: kowane ƙulli mutum ne ko gida, zaren da ya haɗa ƙulli biyu kuwa wata hulɗa ce, ko aro, ko shawara, ko aure, ko ciniki. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne. Shekara biyu ke nan muna koyar da shuka masara a layi da binne taki maimakon watsawa. Na kai gonar gwaji wurin babban manomin garin. Kowa ya zo ya gani ya yaba, amma da damina ta zagayo mutum uku kacal suka bi. Ina kuskuren yake?
Malamin gona, yankin Bunkure

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Labari kam ya kai, tunda ka ce kowa ya zo ya gani. Kwaikwayo ne ya tsaya, kuma su biyun ba hanya ɗaya suke bi ba. Labari irin mura ne, atishawar mutum ɗaya ta isa. Ko a bakin direban da ba ka taɓa gani ba ka ji cewa gero ya tashi a Dawanau, ka ji ke nan, kana iya faɗa wa na gaba. Amma mutum ya sauya yadda yake shuka abin da iyalinsa za su ci shekara guda, wannan ba a yin sa don an ga gona ɗaya. Yawancin manoma sai sun ga mutum biyu ko uku da suka sani, waɗanda ƙarfinsu bai fi nasu ba, sun gwada kuma sun kwashe lafiya.

An daɗe da gane haka. A 1943 wasu masana biyu, Ryan da Gross, sun bi sawun yadda irin masara mai aure ya bazu tsakanin manoma 259 a jihar Iowa ta Amurka. Galibinsu a bakin 'yan tallan kamfani suka fara jin labarin irin, amma da aka tambaye su wa ya sa suka shuka, maƙwabta suka fi ambata. Tsakanin ji da shukawa an ɗauki shekaru, kuma da ɗan gefen gona aka riƙa farawa. Kusa da mu kuma, an yi gwaji a ƙauyuka 200 na ƙasar Malawi kan shuka masara a cikin ramuka masu riƙe ruwa, sakamakon ya fito a 2021. A kowane ƙauye manoma biyu aka koya wa. Inda aka bar malaman gona suka zaɓa yadda suka saba, bayan shekara uku a kusan rabin ƙauyukan dabarar ba ta wuce gonakin mutum biyun ba. Inda aka zaɓi mutum biyu da ke tsakiyar raga, masu abokai na tarayya, ta fi samun ƙafa.

Ga lissafin yadda abin yake. A ce manomi ba ya bi sai ya ga mutum biyu nasa sun yi. Kana da kayan gwaji na mutum huɗu, sai ka raba don adalci: ɗaya a unguwar gabas, ɗaya a yamma, ɗaya a kudu, ɗaya a arewa. Kowane manomi a garin gona ɗaya zai gani a cikin mutanensa, don haka babu wanda ya cika sharaɗin, abin ya mutu a tsaye. Da ka ba mutum biyu 'yan majalisa ɗaya, waɗanda mutum shida ke zama da su bayan la'asar, shidan nan kowannensu ya ga biyu. In uku daga ciki suka bi, badi an zama biyar, kuma yanzu surukansu da abokan gayyarsu na wasu unguwanni sun fara ganin biyu-biyu. Rabon adalci yana da daɗi a wajen taron mai unguwa, amma shi ke kashe gwaji.

Batun babban manomi kuwa, ka san abin da ake faɗa da an bar gonarsa: ai Alhaji yana da kuɗin 'yan ƙwadago da taki buhu goma. Nasararsa ba ta zama hujja ga mai kadada ɗaya da jaki. Kafin daminar bana ka zagaya ka tambayi manoma ashirin zuwa talatin, kowa shi kaɗai, tambaya ɗaya: bara da ka ga wata tsutsa ko cuta a gonarka da ba ka gane ba, wa ka fara nuna wa? Rubuta sunayen, ka ƙirga. Ɗauki biyu daga waɗanda aka fi ambata, matsakaitan manoma, waɗanda masu ambaton nasu suka san juna. Gonakin su zama a kan hanyar da ake bi kullum, kuma ƙasarsu irin ta yawancin mutane, kada ka gwada a fadama ka ce mai jigawa ya kwaikwaya. Sa'an nan ka tsaya a kansu har girbi, musamman lokacin takin farko cikin mako biyu da shuka, da yuriya wajen mako huɗu zuwa shida. Zaren da ke ɗaukar labarin nasara shi ne zai ɗauki na asara, kuma mutumin tsakiyar raga in ya faɗi, garin duka ne ya gani.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne, ina son in rubuta kundin kammala karatu a kan yadda mutanen ƙauyenmu ke taimakon juna da rance. Gidaje ɗari da 'yan kai ne. Ta ina zan fara, kuma wace manhaja zan koya?
Ɗalibi, daga wani ƙauye kusa da Gumel

AMSA: Manhaja ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mai sauƙi. Aikin da ke karya ɗalibai yana can gaba da ita.

Fara da iyaka. Wa ke cikin ragar? Rugar Fulanin da ke bayan gari, wadda matanta ke kawo nono kullum suna karɓar bashin dawa, tana ciki ko tana waje? 'Ya'ya matan da aka aurar ƙauyen gaba fa? Samarin da suka tafi ci-rani Legas ko Fatakwal, waɗanda kuɗinsu ke shigowa ta wurin mai POS? Ka yanke shawara tun farko ka rubuta ta. Shawararmu ita ce ka bar mutane su ambaci na waje, ka ba su lamba ta daban, don sau da yawa kuɗin da ke ceton gida daga can yake fitowa. Lokaci ma iyaka ne. Ragar da ka zana a watan Maris ba ita za ka samu a Agusta ba.

Na biyu, jerin suna. Zauna da mai unguwa ku lissafa kowane gida da kowane baligi, ka ba kowa lamba. Kada ka tsallake wannan. A ƙauye mai gida ɗari za ka samu Musa bakwai da Sani tara, wani kuma ba wanda ya san sunansa na yanka sai laƙabi. Ga alkunya: mace ba za ta kama sunan mijinta ko surukinta ba, uwa ba za ta faɗi sunan ɗan farinta ba. In ba ka haɗa suna da sunan uba da laƙabi da unguwa da sana'a ba, mutum ɗaya zai fito maka a matsayin ƙulli uku, ko mutum uku su narke su zama ɗaya. Wannan na biyun ya fi muni, don sai ka ga wani "babban mai faɗa a ji" ya bayyana a tsakiyar zanenka, alhali Musa uku ne ka haɗe.

Na uku, tambayar kanta. In ka ce "wa kake neman taimako wurinsa?" kowa zai ce dagaci ko liman, don ladabi. Tambayi abin da ya faru: daga girbin bara zuwa yau, wa ya ba ka aron kuɗi ko hatsi? Wa ka bai wa? Wa ya ara maka shanun huɗa? Kowace tambaya ragarta daban, kada ka zuba su tukunya ɗaya. Kada kuma ka ce "faɗi mutum uku", domin mai mutum goma ka datse shi, mai mutum ɗaya ka sa shi ƙirƙira. Bar shi ya lissafa, in ya tsaya ka ce "sai wa kuma?" sau ɗaya ko biyu. Ka sani tun yanzu cewa mutane na mantuwa. Binciken da Bernard da Killworth suka yi a shekarun 1970, inda suka gwada abin da mutane suka ce da abin da aka gani da ido, ya nuna kusan rabin abin da ake faɗa game da "wa na yi magana da shi" bai dace da abin da ya faru ba. A batun bashi ga ƙarin kunya: mai bayarwa yana tunawa, mai karɓa yana mantawa. Shi ya sa ake tambayar ɓangarorin biyu.

Na huɗu, kada ka ɗauki samfuri ka ce ya wadatar. Gida 100 suna iya haɗuwa bibbiyu ta hanya 4,950. In ka yi hira da gida 50, zaren da ka ji daga bakin duka ɓangarorinsa biyu kusan kwata ne kawai. In 30 ne, bai kai ɗaya cikin goma ba. Ƙauyenku ƙarami ne, ka bi gida-gida, ka kuma nemi mace ta shiga wurin mata. Ragar da aka zana daga bakin masu gida kaɗai rabin gari ce.

Bayan nan sai tebur mai layi biyu: lambar wanda ya faɗa, lambar wanda aka ambata. Kana iya ƙara na uku don nau'in hulɗa. KoboToolbox, manhajar tattara amsoshin tambayoyi, na aiki a waya ko babu netwok, amma littafi da biro ma sun isa. Zuba teburin a Gephi, manhajar zana raga da aunata, kyauta ce, ko igraph in ka iya manhajar lissafi ta R. Awo uku za su ishe ka. Yawan zaren da ke shiga wurin mutum yana nuna wanda aka fi dogara da shi. Awon tsakani, wanda Linton Freeman ya tsara a 1977, yana ƙirga sau nawa gajeriyar hanya tsakanin mutum biyu ke ratsawa ta kan wani. Misali, unguwa biyu, kowace da mutum goma, babu mai hulɗa da ɗaya ɓangaren sai ta wurin wani mahauci: shi zarensa na iya zama biyu ko uku tak, amma hanyoyi 100 ta kansa suke bi. Na uku shi ne gano gungu-gungu, wato ɓangarorin da zare ya yi yawa a cikinsu ya yi ƙaranci a tsakaninsu. Wayne Zachary ya bi wata ƙungiyar 'yan kareti mai mutum 34 a Amurka wadda rikici ya raba biyu, kuma a rahotonsa na 1977, daga zaren hulɗarsu kaɗai ya faɗi ɓangaren da kowa zai bi, mutum ɗaya kawai ya kuskure. Ka kuma duba waɗanda ba wanda ya ambata ko kaɗan. A kundi kan rance, su ne babi mafi muhimmanci.

Gargaɗi biyu. Hoton da manhaja ta zana ba taswira ba ce, in ka sake latsawa wanda ke dama zai koma hagu, don haka da lambobi za ka kafa hujja. Sa'an nan wannan bayani sirrin mutane ne. Ka nemi izinin kowa, ka cire sunaye ka bar lambobi, ka ɓoye takardar da ta haɗa su. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma ko babu doka, zanen da ke nuna wa ke bin wa bashi in ya faɗa hannun majalisa, sai ka bar garin.

TAMBAYA: Ina aiki a ƙaramin asibitin ƙauye. Muna son mata su riƙa zuwa awo da kawo yara rigakafi. Ba mu da kuɗi ko lokacin zana wata raga, kuma yawancin matan suna cikin kulle. Akwai gajeriyar hanya?
Ma'aikaciyar lafiya, yankin Ringim

AMSA: Akwai, Malama, har guda biyu, kuma duk an gwada su.

Ta farko ta dogara da wani lissafi mai kama da wasa, wanda Scott Feld ya bayyana a 1991: a kan matsakaici, ƙawayenki sun fi ki yawan ƙawaye. Ɗauki mai kitso da mata huɗu da ke zuwa wurinta, a ce su huɗun ba su san juna ba. In kika zaɓi ɗaya cikin biyar ɗin da ka, sau huɗu cikin biyar za ki faɗa kan mai ƙawa ɗaya. Amma ki ce da wadda kika zaɓa ta nuna miki ƙawarta, sau huɗu cikin biyar mai kitson za a nuna miki. Mai jama'a tana cikin jerin mutane da yawa, shi ya sa ake yawan faɗawa kanta. An gwada wannan a ƙauyuka 32 na ƙasar Honduras, rahoton ya fito a 2015. An ba kashi 5 cikin ɗari na mutane maganin ƙarin jini da kuzari tare da tikitin da za su raba wa wasu. Inda aka ba abokan da aka nuna, karɓuwa ta ƙaru da kimanin kashi 12 cikin ɗari a kan inda aka zaɓa da ka. Abin mamaki, inda aka ba waɗanda suka fi kowa farin jini a garin, ba a ga wani ƙari ba. Mai yiwuwa don manya da manya suke hulɗa, saƙon sai ya yi ta zagaye a tsakaninsu. A kan sinadarin tsabtace ruwa kuwa dabarar ba ta nuna bambanci ba, don haka ba laya ba ce.

Ta biyu ta fi sauƙi. A jihar Haryana ta Indiya, masana Banerjee da Duflo da abokan aikinsu sun tambayi 'yan gidaje kaɗan a kowane ƙauye: in ana son labari ya game gari, wa za a faɗa wa? Waɗanda aka fi ambata aka riƙa tura wa saƙon ranar rigakafi. Yawan yaran da ake kawowa a wata ya ƙaru da kimanin kashi 22 cikin ɗari. Lura da kalmar tambayar. Ba a ce wa aka fi girmamawa ba.

Kulle kuma bai yanke raga ba, ya dai sauya mata hanya. Masu bincike Polly Hill a Batagarawa da Enid Schildkrout a Kano duk sun rubuta yadda cinikin mata ke gudana daga gida zuwa gida ta hannun yara 'yan talla da 'yan aike. Ki shiga gida goma sha biyar a unguwanni daban-daban, ki tambayi mace ɗaya a kowane, ita kaɗai. Za ki ji ana maimaita ungozoma, dillaliya, mai kitso, uwar adashi, malamar Islamiyya, da wata da ba ki zata ba. Hattara da abu biyu. Gida ɗaya ba ƙulli ɗaya ba ne, saƙon da kika ba uwargida ba lalle ya isa ɗakin amarya ba. Sa'an nan jin ranar awo labari ne, fita zuwa awo kuwa sai da izini da kuɗin mashin, wato sai ragar maza da ta uwar miji sun motsa. Wannan kuma irin matsalar malamin gonan can ce: miji yakan saki jiki ne in ya ga abokansa biyu ko uku sun bar nasu matan sun je.

TAMBAYA: Wai gaskiya ne tsakanina da kowa a duniya mutum shida ne kawai?
Mai shayi, Kazaure

AMSA: Da gaskiya a ciki, Malam, amma an yi mata gishiri. A gwajin Travers da Milgram na 1969 an ba mutum 296 a Amurka wasiƙa su isar wa wani ɗan kasuwar hannun jari a Boston, ta hannun wanda suka sani kawai. Guda 64 suka isa, ta hannun mutum biyar da ɗoriya a kan matsakaici. Sauran sun maƙale a hanya, wannan ne ba a cika faɗa ba. A 2016 Facebook ya auna masu amfani da shi biliyan 1.59 ya samu mutum 3.57 a kan matsakaici tsakanin kowane mutum biyu. Dalilin gajartar, kamar yadda Watts da Strogatz suka nuna a 1998, shi ne 'yan zaruruwa kaɗan masu dogon zango sun isa su taƙaita raga duka. A wurinmu su ne direban tirela, almajirin da ya yi karatu a gabas, 'yar da aka aurar Damagaram, alhajin da ya yi aboki a Makka. Mark Granovetter kuma a 1973 ya nuna cewa cikin waɗanda suka samu aiki ta hanyar wani, ƙasa da ɗaya cikin biyar ne suka samu ta wurin wanda suke yawan gani. Na kusa da kai abin da ka sani shi ya sani. Teburinka na shayi, inda baƙo ke zama kusa da ɗan gari, ya fi gidan dagaci yawan irin wannan zaren.

TAMBAYA: Ina sayen awaki da tumaki ina kiwatawa. Sau biyu ke nan ina kawo sababbi daga kasuwa sai zawo da majina su kama garken duka. Likitan dabbobi ya ce daga kasuwa ne, alhali lafiya lau na saye su.
Mai kiwo, yankin Babura

AMSA: Likitan ya yi gaskiya, kai ma ka yi gaskiya. Cuta tana kwana a jikin dabba kafin ta nuna. Wannan mai zawo da majina, wadda likitoci ke kira PPR, takan yi kwana huɗu zuwa shida a ɓoye, wani lokaci fiye. To dubi kalandar kasuwanninmu: Maigatari Alhamis, Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi. Akuyar da ta shaƙi cutar ranar Alhamis, in ba ta yi kasuwa ba aka juya da ita, tana iya tsayawa a kara biyu ko uku kafin majina ta zubo. A ragar dabbobi, kasuwa da motar ɗauka da garken dillali su ne manyan ƙulli. Garke dubu ba sa haɗuwa da juna, amma duk suna haɗuwa a can.

Birtaniya ta ɗanɗana wannan a 2001 da ciwon baki da kofato. Kafin a tabbatar da cutar a watan Fabrairu, ta riga ta kai gonaki sama da hamsin, da dama daga ciki ta hanyar tumakin da suka ratsa kasuwannin Hexham da Longtown. An hallaka dabbobi fiye da miliyan shida kafin a kashe wutar. Daga baya suka kafa doka: in sabuwar dabba ta shigo gona, ba a fitar da wata sai bayan wasu kwanaki, a Ingila yanzu kwana shida ne ga shanu da tumaki da awaki. Ba su hana ciniki ba, sun dai sa wa zaren jinkiri don cutar da ke ɓoye ta samu lokacin nunawa.

Kai ma abin da za ka yi ke nan. Sabuwar dabba ta yi mako uku a turke na daban, nesa da garke, da kwanon ruwanta da na dusarta. A fara ba tsofaffin abinci, a ƙare da baƙin, a wanke hannu. Wadda ka kai kasuwa ba ta sayu ba ka dawo da ita, baƙuwa ce, ita ma ta shiga keɓe, nan ne mutane suka fi yin sakaci. Yi wa garken allurar PPR tun kafin lokacin saye, ba bayan ciwo ya shigo ba. In kuwa awakinka da na unguwa rijiya ɗaya suke sha, makiyayi ɗaya ke kora su, to garkenku ɗaya ne, sai ku haɗu ku kira mai allura rana ɗaya.

TAMBAYA: Ɗana ya fara shaye-shaye, abokansa duk haka suke. Su suka lalata shi, ko kuwa? Hausawa dai sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.
Wani uba, Gwaram

AMSA: Allah ya shirya shi, Baba. Hausawan da suka faɗi haka su ne kuma suka ce abokin ɓarawo ɓarawo ne, kuma karin maganar biyu ba abu ɗaya suke faɗa ba. Ta farko ta ce zama ne ya shafa masa. Ta biyu ta ce da ma halin ne ya haɗa su. Akwai ta uku da ba a yi mata karin magana ba: dukkansu ba su da aikin rani, kuma mai sayar da kayan yana bakin tasharsu. Duka ukun hoto iri ɗaya suke bayarwa in an zana raga, wato masu hali ɗaya sun taru wuri ɗaya. Wannan ita ce babbar gardamar fannin. A 2007 Christakis da Fowler sun fitar da bincike kan mutum sama da 12,000 a garin Framingham na Amurka suna cewa ƙiba na bin abota, masana lissafi kuma suka yi ta sukar su a kan wannan gaɓar.

Abin da zai taimake ka shi ne jerin lokaci. Abokan ne suka fara sauyawa sa'an nan halin, ko halin ne ya fara sa'an nan ya bar tsofaffin abokai? Tambayi mahaifiyarsa da abokansa na da. In na biyun ne, raba shi da waɗannan ba zai wadatar ba, zai samo irinsu ko ina ka kai shi. Ko wanne ne kuma, kada a yanke masa zare a bar shi babu kowa. A haɗa shi da mutum biyu ko uku da zai riƙa gani kullum, ubangidan sana'a, kawu, tsohon aboki, a kuma kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

TAMBAYA: Ni ce uwar adashin unguwarmu, mu goma sha biyu ne, shekara shida ba a taɓa cin kuɗin kowa ba. Yanzu wasu mata takwas daga ƙauyen gaba suna son shiga. In karɓe su?
Uwar adashi, yankin Auyo

AMSA: Hajiya, abin da ya tsare kuɗinku shekara shida ba takarda ba ce. Kowace cikinku ta san kowace, ta san mijinta da uwarta, wadda ta ƙi zubi ba ta da bikin da za ta shiga ta zauna. Christopher Udry ya bi rance a ƙauyuka huɗu kusa da Zariya a 1988 zuwa 1989, ya tarar kusan duka bashin tsakanin dangi da maƙwabta ne, babu jingina babu rubutu, kuma in masifa ta faɗa wa mai karɓa ana sassauta masa biya. Sanin juna ne jinginar.

Ku goma sha biyu, hulɗa 66 ce tsakaninku, kuma duk a raye suke. In kun zama ashirin ta koma 190, kuma 96 daga ciki tsakanin tsofaffi da baƙi ne, waɗanda yawancinsu babu su tukuna. Saboda haka ki tambayi kowace baƙuwa su wa ta sani a cikinku. In duka takwas ɗin ta hannun mace ɗaya suka zo, adashinku ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ta yi faɗa da ku ko aurenta ya mutu ta koma gida, ba ki da hanyar bin kuɗi.

Sai dai rufaffiyar raga ma tana da nata ciwon, kuma ku mutanen bakin kogin Haɗeja kun gan shi a ambaliyar 2022: in ruwa ya ci gonakin unguwa, duk 'yan adashin rana ɗaya suke rasa zubi. Matan da mazansu ke noman tudu ko wata sana'a daban suna rage wannan haɗarin. Ki karɓi biyu ko uku a zagayen farko, kowace da mata biyu na cikinku, ba 'yan gida ɗaya ba, da za su tsaya mata. Kwasarsu ta zo a ƙarshen layi. In zagaye ya kammala lafiya, su kuma sai su tsaya wa na bayansu. Sauran biyar ko shidan, in sun matsu, su kafa nasu a ƙauyensu da uwar adashinsu, ke ki nuna musu yadda kike riƙe littafi.